Yadda Za Ka Gane Ka Isa Shiga Tseren Mota na Intanet

Shawara iri biyu ake yawan bai wa matashin da ya fara wasan tseren mota na kwaikwayo, irin su Gran Turismo 7, Assetto Corsa Competizione da iRacing, kuma duka biyun ɓata mutum suke yi. Wasu su ce masa ya faɗa tseren intanet tun daren farko, wai da karo ake koyo. Wasu kuma su ce ya dakata sai gudunsa ya kusa na zakarun duniya. Wanda ya bi ta farko zai je ya lalata wa mutum goma sha tara tserensu a kwanar farko, makinsa ya zube, a jefa shi cikin masu tuƙin ganganci. Wanda ya bi ta biyu zai shekara yana zagaye shi kaɗai, ya iya gudu amma bai san yadda ake tuƙi da mota a gefensa ba.

Ba da gudu ake auna shiri ba. Yawancin wasannin nan suna haɗa ka da sa'o'inka, ko yaya sanyin tuƙinka yake za a samo maka abokan karawa. Abin da ake nema a wurinka shi ne wanda ke bayanka ya iya karanta ka: ya san inda za ka taka birki, ya san gefen da za ka bi. Duk wanda ya taɓa ratsa cunkoson Kasuwar Dole da yamma ya san ba ɗan kabu-kabu mai gudu ne abin tsoro ba, wanda ba a san inda ya nufa ba shi ne. Mu da ke Damagaram kuma akwai ƙari a kan wannan, domin ko hannunka ya nuna, rezon intanet da kuran, wato wutar lantarki, suna iya mai da motarka abin da ba ya karantuwa. Ga yadda nake gwada mutum, bi da bi.

Kayan aiki

Ba sai da sitiyari ba. A Gran Turismo 7 akwai masu manet da ke cin tsere lafiya lau. Idan za ka sayi sitiyari, ni Logitech G29 nake cewa a saya, ko da na hannu ne, domin yana jure wahala kuma yana aiki a PlayStation da kwamfuta. Kuɗinsa jikka ɗari da ɗoriya, ya danganta da ta inda ya biyo, Kano ko Yamai. Thrustmaster T300 ya fi shi laushi a hannu, amma an san shi da rage ƙarfi idan ya yi zafi, kuma ka san yadda ɗaki yake a watan Afrilu da Mayu. Fedar G29 kuwa ƙura ce abokiyar gabarta. Idan hazon hunturu ya shiga cikinta, sai ka ga totur yana rawa shi kaɗai a allo. Rufe ta da tsohon zane duk lokacin da ka tashi. Ka ɗaure sitiyarin tam a tebur, ka tokare fedar da bango, kujera kuma kada ta zama mai taya.

Mataki na farko: mota ɗaya, fili ɗaya

Zaɓi mota mai sauƙin hali ka zauna a kanta. A iRacing, Mazda MX-5 ce ake bai wa sababbi. A Gran Turismo 7 ɗauki motar rukunin Gr.4. Fili kuma ya zama gajere, kamar Red Bull Ring ko Lime Rock Park. Ka bar Nürburgring mai kilomita 20 da ɗoriya sai wani lokaci. Kada ka taɓa saitin mota, wanda wasan ya ba ka ya isa.

Mataki na biyu: kashe layin da wasan ke zana maka a kwalta

Wannan layi mai launi da ke nuna maka inda za ka bi da inda za ka taka birki, yi amfani da shi zagaye kaɗan don ka san inda hanya ta nufa, sannan ka kashe shi. Na ƙi shi ƙwarai, ga dalili. Yana koya wa idonka kallon ƙasa, alhali a tsere mota ce a kan ƙasar. Ranar da wani ya rufe maka layin, ba ka da sauran abin dogaro. Madadinsa, nemi alamu a gefen hanya: allunan da ke nuna mita 150, 100 da 50 kafin kwana, ƙarshen wani shinge, gadar talla, wurin da kwalta ta sauya launi. Ya zama kowace kwana kana iya faɗa da baki, ba tare da ka kalli allo ba, a ina kake taka birki kuma da giya ta nawa kake shiga. Sauran taimako irin su ABS da mai hana taya zamewa, bar su a kunne idan motar tana da su. Motocin GT3 na gaske ma suna da su, ba abin kunya ba ne.

Mataki na uku: zagaye goma a jere

Ga gwajin. Yi zagaye goma a jere, ba ka sauka daga kwalta ba, ba ka juya ba, ba ka goga bango ba, kuma tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri kada ratar ta wuce daƙiƙa ɗaya. Idan ka kuskure a na takwas, lissafi ya koma farko. Kada ka danna maɓallin sake farawa idan ka ɓata zagaye, ci gaba da tuƙi, domin a tseren gaske babu wannan maɓallin.

Batun gudu kuwa, aro dokar kashi 107 cikin 100 da Formula 1 ta shigo da ita a 1996. Idan gwanin filin yana yin zagaye a minti 1 da daƙiƙa 40, kai kana buƙatar minti 1 da daƙiƙa 47. Ka samu wannan, ka isa. Dandalin Low Fuel Motorsport, inda masu Assetto Corsa Competizione ke tseren da aka tsara, da irin wannan ma'auni yake gwada sabon shiga: zagaye masu tsafta a jere, cikin wani kaso na lokacin gwanaye. Ba zagaye ɗaya na bajinta suke nema ba.

Mataki na huɗu: birki a bayan wata mota

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu ba da shawara suke tsallakewa da jimla ɗaya. Mutum yana iya cin gwajin zagaye goma sarai, ya shiga tsere ya daki bayan mota a kwanar farko, ya rantse wancan ne ya taka birki da wuri. Ba wancan ba ne. Lissafi ne.

A gudun kilomita 250 a awa, mota tana cin kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Idan rabin daƙiƙa ne tsakaninka da na gabanka, a miƙaƙƙiyar hanya za ka gan shi can nesa, mita 35. Da kun shiga kwanar da ake bi da kilomita 60 a awa, wannan rabin daƙiƙar ya koma mita 8 kacal. Ratar lokaci ba ta sauya ba, ratar ƙasa ce ta tsuke. Shi ya riga ka fara rage gudu, kai kana nan da cikakken gudunka, shi ya sa kake ganin bayansa yana taho maka kamar ya tsaya cak. Ƙara da cewa kafin idonka ya ga fitilar birkinsa ƙafarka ta motsa, rubu'in daƙiƙa ya tafi, wato mita 17. Ƙara da cewa iskar da ya keta maka ta ƙara maka gudu, ta kuma rage yadda motarka ke danne ƙasa. Idan ka jira alamar da ka saba taka birki a kanta lokacin da kake kai kaɗai, ka makara.

Maganin shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur kafin alamarka, ka taka birki da wuri kuma a hankali, ka ɗan karkata motar gefe guda ta yadda hancinka ba ya kan tsakiyar bayansa. Wannan karkatawar tana ba ka abu biyu: kana hango alamarka da idonka, kuma idan abu ya ƙwace kana da wurin wucewa. Kada ka zuba wa bayan motarsa ido, domin inda ido ya tsaya nan hannu ke kai mota. Dubi kwanar ta gefensa.

A zagayen farko abin ya ninka. Taya ba ta yi zafi ba, tanki cike yake, motoci ashirin suna neman shiga ƙofa ɗaya. Wanda ke na goma sha biyar ba ruwansa da allon mita 150, birkinsa yana farawa tun can baya, domin layin gabansa ya riga ya cushe. Kwanar farko ta Monza ta yi suna a wannan ɓarna a kowane wasa: ana zuwa da cikakken gudu a faɗa wata matsattsiyar kwana dama da hagu. Shi ya sa nake sa masu koyo su yi atisaye a can.

Yadda ake atisayen: shirya tsere da motocin kwamfuta, ka sa ƙarfinsu daidai da naka, ka tashi daga tsakiyar layi, ba gaba ba, ba baya ba. Yi zagaye biyu, ka sake. Manufarka ka fita ba ka taɓa kowa ba, ko da mota uku sun wuce ka. Sai ka iya yin haka sau biyar a jere. Bayan nan zaɓi mota ɗaya ka bi ta zagaye biyar cur, kana manne da ita, ba ka wuce ta ba ko da dama ta samu. Yana da gundura, na sani, amma ban san wani atisaye da ya kai shi amfani ba. A Assetto Corsa Competizione ma makin SA, na tuƙin lafiya, yana hawa ne idan kana tafiya kusa da wasu motoci ba tare da karo ba, kuma ana tara shi ko da motocin kwamfuta.

Sai dai ka san iyakar motocin kwamfuta. Suna taka birki wuri ɗaya kullum, ba sa tsorata, ba sa fushi. Mutane suna yin duka. Idan kana da abokai masu wasan, ku haɗu a fada ku yi mutum biyu a allo ɗaya a Gran Turismo 7, ko ku buɗe ɗakin tsere na ku kaɗai, ku yi ta shiga kwana kafaɗa da kafaɗa har kowa ya san faɗin motarsa.

Mataki na biyar: ladubban hanya

Ba su da yawa. Idan za ka wuce ta cikin kwana, tayarka ta gaba ta kai gefen motarsa tun kafin ya fara karya sitiyari. Idan ba ta kai ba, kwanar tasa ce. Idan mota tana gefenka, bar mata faɗin mota ɗaya. Kare matsayi motsi ɗaya ne, kuma ba a sauya layi ana cikin birki. Tutar ruwan ɗorawa tana nufin akwai haɗari a gaba, sassauta. Shuɗiya tana nufin wanda ya riga ka da zagaye guda yana tafe: tsaya a layinka, ka ɗan ɗaga ƙafa a miƙaƙƙiyar hanya, shi zai wuce da kansa. Kada ka yi tsalle gefe don kirki, nan ake karo.

Wanda na fi matsa wa mutane a kai shi ne komowa hanya. Idan motarka ta juya, danne birki ka riƙe, don ta tsaya wuri ɗaya masu zuwa su san ta inda za su kauce. Idan ka fita ciyawa ko yashi, dubi taswira ko madubi, ka jira ayarin ya wuce, sannan ka shigo a kwance da hanya, ba a gicciye ba. Daƙiƙa biyar da za ka rasa ba su kai tseren mutum uku ba. Idan kuma ka ture wani, jira shi ya wuce ka, bayan tsere ka rubuta masa haƙuri, kalma ɗaya ta Faransanci ko Turanci ta wadatar.

Mataki na shida: rezo da kuran

Bidiyoyin koyarwa na Turai ba sa maganar wannan, domin ba damuwarsu ba ce. Mu tamu ce. Yawancin waɗanda za ka kara da su suna Turai, saƙon motarka sai ya je can ya komo. Wannan jinkiri shi ake kira ping. A gudun kilomita 200 a awa, jinkirin daƙiƙa 0.15 ya kai mita 8, kusan tsawon mota biyu. Wasan yana cike wannan giɓi da hasashe: yana zana motarka a inda yake zaton za ta kasance. Idan tuƙinka mai tsari ne, hasashen yana yin daidai. Idan kana fizgar sitiyari, sai a allon wani a ga ka dake shi alhali a naka allon ba ku taɓa juna ba. Saboda haka ɗan Damagaram yana bukatar barin rata fiye da ɗan Faransa, musamman a wurin birki.

Yawan ping ɗin bai kai rawarsa muni ba. Wanda ya tsaya a 160 ana iya tsere da shi. Wanda ke tsalle daga 90 zuwa 400 shi ne ke sa motarka ta ɓace ta bayyana a cikin ta wani. Gwada layinka, na Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Télécoms, a daidai lokacin da kake niyyar yin tsere, ba da hantsi ba, domin bayan isha'i kowa yana kan rezo. A kwamfuta buɗe tagar umarni ka sa ping ya yi ta tafiya minti goma, ka ga ko lambobin suna zaune, ko kuma saƙo yana ɓacewa. Unguwa ma tana da tasiri, abin da ke aiki a Sabon Gari ba lallai ya yi a cikin Birni ba. Haɗa na'urar da akwatin intanet da kebul, ka bar wifi. Kada ka yi tsere da intanet ɗin wayar da ake kiran ka a kanta. Ka kuma roƙi mutanen gida su dakata da kallon bidiyo na minti ashirin. A PlayStation, gwajin haɗi yana nuna nau'in NAT, idan ka ga 3 za ka sha wahalar shiga ɗakunan tsere na abokai. Masu Starlink su ma su gwada, kada su ɗauka an gama.

Tseren kansa ba ya cin data da yawa. Sabunta wasan ne ke cinye forfe, kuma ba a barin ka shiga sai ka sabunta. Gran Turismo 7 ya haura gigabait 100, ga kuɗin PlayStation Plus, iRacing kuma biyan wata-wata ne a kwamfuta. Yi wannan lissafi tun kafin ka saka rai.

Kuran kuwa, kowa ya san halin bazara. Idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar tsere, wasan bai san uzuri ba, zai rubuta ka fita, makinka ya ragu. Ƙaramin UPS da zai riƙe na'ura, allo da akwatin intanet na minti goma sha biyar ya fi maka sabon sitiyari amfani. Idan ba ka da shi, lura da sa'o'in da wutar unguwarku ta fi zama. Haka nan ka dubi agogo: kada ka shiga tseren minti ashirin saura minti goma a kira magariba. Lokacinmu ɗaya ne da na Faransa a hunturunsu, suna gaba da awa ɗaya a bazararsu, don haka bayan isha'i akwai jama'a isassu.

Mataki na bakwai: tseren farko

Idan ka ci zagaye goma, ka ci tashi biyar, rezo ya zauna, to shiga a makon nan, kada ka ƙara jira. A Gran Turismo 7 sashen Sport yana buɗewa bayan ka gama littafin Café na 9. Akwai tsere uku, A, B da C, da ake sauyawa mako-mako. Fara da gajere. Za ka ga maki biyu, DR na gudu da SR na ladabi. Manta da DR, SR ne ya fi yanke irin mutanen da za a haɗa ka da su. A iRacing sabon shiga yana farawa da makin lafiya 2.50, yana bukatar 3.00 don ya fita daga ajin sababbi. Can ana lissafa laifi ne da lamba: fita hanya 1, juyawa 2, karo mai ƙarfi da mota 4, kuma karon ana rubuta wa ku biyun ne ba tare da tambayar mai laifi ba. Mutane suna ƙorafi a kan haka, ni kuwa ina ganin daidai ne, domin yana koya maka kauce wa haɗarin da ba kai ka jawo ba.

Wasu suna cewa ka ƙi yin zagayen neman gurbi don ka tashi daga ƙarshe. A tsere biyu ko uku na farko na yarda, kana kallon ɓarnar kwanar farko daga nesa ka ratsa ta. Bayan nan ka daina, domin zama a baya yana hana ka koyon abin da ka zo koyo, kuma sau da yawa can ne masu ganganci suke.

Hannunka zai yi gumi, za ka taka birki a inda ba ka saba ba. Kowa haka ya fara. Burinka ka kai ƙarshe, ko na nawa ka zo. Idan an ture ka, kada ka fita kuma kada ka rama, ci gaba da zagayenka, za ka tarar da rabin waɗanda suka wuce ka a cikin yashi. Kada ka yi tsere fiye da biyu ko uku a zama ɗaya, kuma idan ranka ya ɓaci kashe na'urar.

Bayan kowane tsere buɗe bidiyon maimaici, ka kalli duk wurin da aka yi karo daga cikin motar ɗayan, ba daga taka ba. Daga kujerarsa za ka ga ko ka bar masa wuri, ko birkinka ya zo masa ba zato, ko kuma rezo ne ya yi tsalle da motarka. Idan tsere uku a jere karon yana faruwa a wurin birki, koma mataki na huɗu na kwana biyu. Idan motarka ce ke ɓacewa tana bayyana, bar tseren jama'a sai ka sauya layi ko lokaci.